Duban Wata da Rana Tsaka a Tekun Atlantika

Ban taɓa mantawa da ranar da bakina ya ja mini duban wata da rana tsaka a tsakiyar teku ba, kuma ko na so in manta, Alhaji Isaka ba zai bari ba. Yaran da ke zuwa koyon aiki wurinmu sun sha jin gutsattsarin labarin a wurin shan shayi, kowa da irin nasa, har an fara cewa wai kifi ne ya haɗiye na'ura ni kuma na bi shi ciki na ƙwato. Shi ya sa na ga gara in rubuta da kaina. In ma ƙari za a yi, mai labari ya fi kowa cancanta.

Sunana Garba, injiniyan na'urori ne ni a wata kwaleji da ke unguwar Bloomsbury a Landan. Ɗakin aikina yana can ƙarƙashin ƙasa, inda in tube, jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gari, ya wuce sai shayina ya yi rawa a kofi. Ni ba farfesa ba ne, ba na rubuta littafi. Nawa shi ne in haɗa na'urorin jin motsin ƙasa, in gwada su, in bi su teku, in dawo da su gida.

Ga wanda bai san harkar ba, a tsakiyar Tekun Atlantika akwai wata doguwar kunya ta duwatsu kwance a ƙarƙashin ruwa, daga arewa har kudu. Nan ne ɓawon duniya ke rabuwa, gefen Amurka yana ja yamma, gefen Afirka da Turai yana ja gabas, a hankali kamar tsiron farce. Abin da ake ja ta gefe biyu kuwa dole ya tsage. To waɗannan tsagogi su ne abincinmu. Wani lokaci jirgi yakan yi ta kai da kawowa a kansu layi-layi, kamar mai huɗa da shanu, yana aika sauti ƙasa yana sauraron amsa-kuwwa, har taswirar ƙasan teku ta fito. Wani lokacin kuma na'ura muke jefawa.

Na'urar ta kai girman tukunyar biki, launinta ruwan goro. Ana ɗaura mata ƙarfe mai nauyi a gindi, a sake ta ba igiya ba komai, ta nutse zurfin kilomita uku ko fiye, ta zauna a duhu wajen shekara tana naɗar ƙananan girgizar ƙasa. In baɗi ta yi sai mu dawo, mu aika mata wani sauti da ita kaɗai ta sani, ta saki ƙarfen, ta taso da kanta. Tasowar takan ɗauki fiye da awa guda. Da ta fito akwai 'yar tuta a kanta, da fitila mai walƙiya, da rediyo mai sanar da jirgi inda take. Matata Hajiya Mairo da na yi mata wannan bayani cewa ta yi, “Wato ku jefa dukiya a rijiya, ku dawo baɗi kuna kiranta da suna. Allah ya shirye ku.”

A jirgin bincike sarakuna biyu ne. Shugaban masu bincike shi ke cewa a je nan, a auna can. Kyaftin kuwa shi ke da jirgi da rayukan da ke ciki, in ya ce a'a magana ta ƙare. A wannan tafiya shugabarmu Farfesa Margaret ce, wata 'yar siririyar dattijuwa da ta fi kifi sanin teku. Kyaftin ɗin mutumin Sukotlan ne, wanda na ƙirga murmushinsa tun daga tashinmu har dawowa ban cika yatsun hannu ɗaya ba.

Mu uku ne masu jin Hausa. Ni, sai Alhaji Isaka mai dafa abinci, mutumin zangon Kumasi da ya daɗe a jirage, mazaunin unguwar Peckham a Landan. Sai Rakiya, 'yar Kano, ɗalibar Farfesa mai neman digirin dakta. Kawu take ce mini, ni kuma ina kiranta Dakta tun ba ta zama ba, tana cewa in bari kada baki ya kama ta. Ta bar 'yarta ƙarama wurin mijinta a wani ɗan gidan haya a unguwar Camberwell ta biyo mu, kuma tun da muka bar tasha cikinta bai yarda da teku ba. Abin da ta ci da wanda kakarta ta ci duk sai da ta mayar wa kifi.

Binciken Rakiya a kan wata tsaga ce guda, tana son sanin iya zurfin da ta shiga cikin ƙasa. Bara an jefa na'urori sun kewaye tsagar, ɗaya kuma a tsakiya, daidai bisa kanta. Na gefe suna gaya maka ina girgiza ta faru, amma ta tsakiyar ce ke tsayar da zurfinta. In babu ita, Rakiya ta sami inda ba ta sami zurfi ba, zurfin kuwa shi ne digirin gaba ɗaya. Kuma ba a cewa a sake. Samun jirgi irin wannan layi ne na shekaru, lokacin karatunta da izinin zamanta ba za su jira ba.

Tafiyar ta faɗo ƙarshen Sha'aban. Wata rana a teburin abinci wani ɗalibi Bature ya tambaye ni yadda za mu san azumi ya kama alhali muna tsakiyar ruwa. Amsar gaskiya ita ce Mairo za ta turo mini saƙo. Amma wa zai ɓata tambaya mai kyau da amsa irin wannan? Na gyara zama na ce masa ni daga gidan masu duban wata na fito a ƙasar Rano. Na ce baffana Ila yakan hango jinjirin wata tun yana shawarar fitowa. Na ce a zuriyarmu ba a yaye yaro sai ya ƙirga ƙafafun sauro daga bakin kasuwa.

Alhaji Isaka yana raba shinkafa ya ce da Hausarsu ta zango, “Injiniya, kai da tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na neman na karatun?”

Na ce, “Alhaji, wannan na rage ƙarfin ido ne, kada in ƙona wa mutane takardu.”

Aka yi dariya, har Rakiya da ke fama da busasshen biskit. Daga ranar nan labarin ya zama abin taɗi, ni kuma kullum sai na ƙara masa gishiri. Farfesa kuwa sai dai ta dube ni ta saman tabarau. Ashe ajiya take yi.

Na'urorin gefe duk suka fito lafiya, ɗaya bayan ɗaya. Ta tsakiya ce ta rage ƙarshe. A safiyar da za mu ɗauko ta Kyaftin ya kira Farfesa ya nuna mata hadarin da ke tafe a taswirar yanayi, ya ce kafin la'asar zai juya kan jirgi ya bar wurin, da na'ura ko babu.

Na sauke abin kira cikin ruwa na aika sautin. Ta amsa. Na aika na sakin ƙarfe, nisan da ke tsakaninmu ya fara raguwa, alamar ta taso. Rakiya ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdulillahi, ta koma kan bokitin amanta.

Lokacin fitowa ya yi ya wuce, rediyo shiru. Muka ƙara jira, shiru. Wataƙila ruwa ya shige shi, irin wannan yakan faru bayan shekara a ƙasan teku. Fitila ba ta da amfani da rana tsaka. Na sake kiranta da sauti, amma hayaniyar igiyar ruwa ta cika kunnen abin sauraro, amsar da nake samu ba ta kama hankali. Abin da muka sani kawai shi ne tana sama, tana yawo a wani wuri kusa da mu, iska da ruwa suna tafiya da ita. Abin da ya rage 'yar tuta ce kamar hankici, a cikin tekun da kowace igiya ta ɗaura farin rawani.

Nan fa aka yi abin da mutane suka saba. Kowa ya hau sama ya ɗauki madubin hangen nesa. Wani ya ce ga ta can, duk aka ruga dama, har ina jin jirgin ya karkata. Kumfa ce. Wata ta ce a'a, ga ta nan, aka rugo hagu. Tsuntsu ne. Sau biyu Kyaftin yana juya jirgi a banza, kuma juya jirgi a irin wannan ruwa ba juya keke ba ne, sai da tukwanen Alhaji Isaka suka yi tawaye a kicin. Bayan na biyun Kyaftin ya ce saura juyi ɗaya, daga shi sai hanyar gida.

Na ga Rakiya ta jingina da bango, ba ta kuka, amma leɓenta ya bushe. Ta ce a hankali, “Kawu, shekara uku fa. Me zan ce wa yarinyar nan na bar ta na je yi?”

Sai ga Farfesa a gabana. Ta ce, “Garba, mako nawa muna jin labarin idon gidanku. Ga ranarsa ta zo.”

Baki shi ke yanka wuya. Gaskiyar magana, na sha hawa dutse duban wata ina yaro, amma muƙamina a wurin shi ne riƙe wa Baffa Ila takalma da buta. Ban taɓa riga kowa gani ba. Sau da yawa sai an ce ga shi, an yi kabbara, an sauko, ni ina nan ina ta lalube a sama. Amma da na tsaya ina kallon yadda mutanenmu ke rugawa dama da hagu kamar tumaki sun ji dusa, sai na tuna abin da Baffa yake yi wanda ba ido ba ne.

Na ce, “Farfesa, idon sai mu yi maganarsa daga baya. Amma in za ki ba ni mutanen nan, zan jera su yadda ake yi a garinmu.”

Ta ce, “Har da ni.”

Baffa Ila ba ya barin jama'a su dubi sama gaba ɗaya. Yanka ta yake yi kamar nama, ya ba kowa kasonsa, daga kan waccan kuka zuwa kan waccan giginya naka ne, ba ruwanka da na maƙwabci. In wani ya ce ya gani, ba mai waiwayowa. Wanda ya waiwaya ya sha ranƙwashi, domin a cewarsa wata yakan leƙo ne daidai lokacin da mai wurin ya juya kallon na wani. Mai gani kuma ba ya ɗauke ido, miƙa hannu yake yi ya tsaya ƙyam, sai na kusa da shi ya bi hannun ya duba ya ba da shaida. Ba shaida, ba a buga ganga.

Haka na jera su kewaye da jirgi, masu bincike da ma'aikatan da ba su kan aiki, kowa na yanka masa nasa da sandunan shingen jirgi. Na hana madubin hangen nesa sai an ga wani abu, domin yana ƙuntata ido. Na gaya wa Kyaftin kada ya juya sai mutum biyu sun yarda. Ya gyaɗa kai, wanda a wurinsa wannan doguwar hira ce. Alhaji Isaka na ba shi muƙamin Baffa, ya fito da ludayinsa yana zagayawa ta bayan mutane. Rakiya kuwa na kai ta can baya, inda ba wanda ke so saboda hayaƙin inji, don in amai ya zo ba wanda zai gan ta. Na tsaya kusa da ita da rediyon hannu, na ɗauki kason da ke damanta.

Kowa ya tsare kasonsa. Can sai muka ji a rediyo, ɗalibin nan mai tambayar azumi ya ce ya ga wani abu a gaban jirgi. Wuyana da kansa ya fara juyawa. Na ji ƙwas daga can gefe, na ji muryar Farfesa tana ba da haƙuri. Alhaji ya sauke mata ludayi a kan hular kwano, kuma har yau yana cewa shi ne babban abin da ya yi a rayuwarsa bayan hajji. Maƙwabcin ɗalibin ya duba da madubi ya ce jarka ce ta masunta. Jirgi bai juya ba.

Rakiya ko motsi ba ta yi ba. Ta kama shinge da hannu biyu, ta kafa ido a kasonta. Ba a daɗe ba sai na ga hannunta ya miƙe.

Ta ce, “Kawu, ga ta. Ta leƙo ta ɓuya. Bi hannuna.”

Na matso na bi hannun. Ruwa, kumfa, ruwa. Na goge tabarau na sake dubawa. Na cire shi na sa ɗayan. Na ɗora madubi. Ba abin da na gani sai tekun Allah yana hawa da sauka.

“Ga ta kuma. Kawu, ka gani ai?”

Rediyo ya yi ƙara a hannuna, Kyaftin yana tambaya ko akwai shaida, domin yana ganin hannunta daga sama. Rakiya ba ta juyo ba, ta ce, “Don Allah ka ce ka gani. Wallahi ita ce.”

Jama'a, ni da na ce sauro na ƙirga wa ƙafafu daga bakin kasuwa, cewa na ga tuta wane aiki ne? Kalma ɗaya ce, kuma tana kan harshena. Amma juyi ɗaya ya rage. In idon Rakiya ne ya nuna mata abin da zuciyarta ke so, ga yunwa ga jiri, to ni ne zan ɓarar da juyin, na'urar kuma ta tafi tana can wani gefen. Na tuna Baffa yana cewa mai shaidar ƙarya a duban wata gari guda yake sa wa azumin da ba a wajabta ba.

Na danna rediyo na ce, “Kyaftin, ban gani ba. Ka dakata.” Sannan na buɗe murya na kira Alhaji.

Ban taɓa ganin mutum mai tumbi ya yi gudu a kan jirgi mai rawa kamar ranar ba. Ya zo ya tura ni gefe kamar buhun gawayi, ya ɗora haɓa kusa da kafaɗar Rakiya, ya bi hannun. Ya daɗe har na fara karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Sannan ya karɓi rediyon ya gaya wa Kyaftin da Turanci cewa ya gani, tuta ce, ta karye ta kwanta gefe. Ya juyo gare ni ya ce, “Yarinyan nan ya gani da gaskiya. Kai, ɗan gidan masu ido, riƙe mini ludayi.”

Na riƙe. Daga takalman Baffa zuwa ludayin Alhaji, ba za a ce ban ci gaba ba.

Jirgi ya juya, tukwane suka sake zubewa, ba wanda ya kula. Rakiya ba ta sauke hannu ba har muka isa, sai da aka sauke mata shi kamar reshen itace. Ashe mun wuce na'urar tun ɗazu, tana bayanmu, a kason da in da ana rugawa gaba kallon jarka ba mai ganinta. Ni ma daga baya na gan ta sarai, lokacin da ƙugiya ta ɗaga ta ta ajiye a gaban ƙafata tana ɗigar ruwa. Na ce wa Farfesa ga ta nan, na shaida. Ranar ce Kyaftin ya yi murmushinsa na uku.

Muka buɗe ta a ɗakin aiki, abin da ta naɗa yana nan cif, tun daga ranar da aka jefa ta. Kafin la'asar mun kama hanya, hadari yana bin mu a baya. Da muka zauna Rakiya ta ce, “Kawu, da ka ce ba ka gani ba, na ji kamar in tura ka ruwa.”

Na ce, “Da kin tura ni, Dakta, da na gan ta kusa.”

Bayan shekara biyu ta kare digirinta a Bloomsbury. Tsagar ta fi zurfin da ake zato, kuma na'urar tsakiya ce ta nuna. Aka yi walima a wani ɗakin taro na ƙaramar hukuma a Camberwell, da masa da miyar taushe, Farfesa ta zo an ɗaura mata ɗankwali ya fi ƙarfin kanta. Da Rakiya ta tashi godiya ta gabatar da mijinta, da 'yarta mai amsa Hausa da Turanci, da Farfesa, da Alhaji. Da ta zo kaina sai ta ce, “Wannan kuma shi ne Kawu Garba, wanda bai gani ba.” Mairo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce shekara da shekaru tana gaya wa mutane haka ba a yarda ba.

Ku yara masu shigowa aikin nan, ga abin da na tsinta. Sana'armu duk ta duban abin da ba a gani ce. Ba wanda ya taɓa taka tsagar nan da ƙafa, sauti muke bi da girgiza, kowa da ɗan kasonsa, mai taswira da nasa, mai na'ura da nasa, mai tuƙi da mai tukunya. Ka riƙe naka ko an yi shewa a na maƙwabci. Za ku ga kuma mutanen teku suna son mai ƙari, domin makonni a kan ruwa ba labari azaba ce, ni ma ban tuba ba, baffana har gobe yana ƙara ido duk lokacin da na ba da labarinsa. Amma akwai wurin da ake tambayarka ka gani ko ba ka gani ba, jirgi guda yana jiran bakinka. A nan “ban gani ba” ita ma awo ce, kuma wanda ba ya iya faɗarta bai kamata a ba shi rediyo ba.

Yanzu duk ƙarshen Sha'aban, lokacin da masallatan Landan ke ja-in-ja kan ranar fara azumi, sama kuma a rufe da gajimare kamar an kifa kwano, wayata takan yi ƙara. Na san Alhaji Isaka ne daga Peckham. Ko sallama ba ya gamawa.

“Injiniya, ka gani?”

“Ban gani ba, Alhaji.”

“To madalla. Har yanzu shaidarka yana da kyau.”